Sunan Kare a Bakin Neville

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Merle ta kawo karen. Ni ban ce ta kawo ba. Abin da na faɗa mata a bakin coci shi ne zan yi tunani, amma tun muna 'yan mata haka Merle take, ka ce za ka yi tunani, ita ta ji ka ce e.

Ɗan mitsitsi ne, fari, da jan tabo a kan ido ɗaya, irin Jack Russell ɗin nan da take kiwo a gonarta. Sunansa Monty. Wasu 'yan birni ne suka saye shi bara, suka dawo mata da shi bayan ya cinye musu rabin kujera. Shi ne yanzu aka ga gidana ne ya dace da shi.

"Mako uku kacal, Glenys," in ji ta. "In bai yi muku ba ki dawo min da abina. Akwai wani mutumin Uralla da ɓeraye suka addabi rumbun ciyawarsa, kullum sai ya bugo min waya a kan karen nan."

"To ki ba shi mana tun yanzu, kowa ya huta."

"Ke dai tsaya Neville ya gan shi."

Neville yana kan kujerarsa a baranda, bargo a gwiwa. Tana sauke karen ya ruga, ko sansana ni bai yi ba, sai ga shi a kan cinyar mijina. Shekara arba'in da ɗaya muka yi a gona kafin mu sayar da tumaki mu dawo cikin garin Walcha, babu karen da ya taɓa taka mana baranda. Dokar Neville ce, ba tawa ba: kare wurinsa waje, in a mota ne kuma wurinsa baya. Na tsaya ina jira ya ture shi. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya ɗora masa a wuya.

Na san 'yarmu Narelle ce ta ƙulla wannan daga Newcastle. 'Yar da ke zuwa sau ɗaya a wata ita ce ta fi kowa sanin abin da ubanta yake bukata.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Ya tona rami a gindin wardina, har saiwa ta fito. Ya bi motar maƙwabta da haushi daga wannan ƙarshen shingen zuwa wancan. Wannan halitta ba ta san zama ba. Gida mai tsoho da sanda ba gidan irin wannan kare ba ne, ko yaro ya san haka.

Talata, 15 ga Oktoba, da la'asar

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe in ce mafarki na yi.

Tun watan Yuli da ɓarin jikinsa ya shanye, kalmomin Neville ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. E, a'a, to, sai wata ashar guda da ban taɓa ji a bakinsa ba sai bayan mun dawo daga asibiti. Sauran ni nake faɗa masa. Ya dubi taga, in ce sanyi kake ji, in rufe. Ya taɓa haɓarsa, in ɗauko reza. Mun iya zamanmu a haka, ba mu nemi taimakon kowa ba.

Ina wanke-wanke na ji muryar namiji a baranda. Na ɗauka baƙo muka yi.

"Monty! Bar shi!"

Na fito da kumfa a hannu. Karen ne ya kama gefen bargon yana ja da baya yana gurnani, Neville kuma ya riƙe ɗaya gefen. Muryarsa ce, ta dā, wadda yake daka wa karnukan kiwo tsawa da ita daga wancan tsallaken kwari. Karen ya saki.

"Yauwa," in ji Neville. "Ɗan kirki."

Na dafa ƙofa. Na ce, "Nev." Ya juyo ya dube ni, ya yi min murmushin nan nasa na rabin baki. Na jira. Ya ce, "To."

Na koma na ƙarasa wanke-wankena.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Monty. Monty. Monty, zo nan. Tun kafin in ɗora ruwan shayi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Mun je Armidale wurin matar da ke koya wa Neville magana. Ya ƙi shiga mota sai da karen. Na ce to a ɗaure shi a bayan a-kori-kura kamar kowane kare. Ya ce a'a. Haka muka tafi, ni ina tuƙi, shi a kujerar gefe, karen a cinyarsa ya dafe gilashi da ƙafafun gaba yana duba hanya kamar shi ya biya kuɗin mai.

Kujerata ce wannan. Duk rayuwarmu ta gona a kanta na zauna, kuma ba zaman banza ba, don wanda ke kujerar gefe shi ke buɗe ƙyauren shinge. Direba ba ya sauka, ko me ake ciki. Na buɗe wa Neville ƙyaure a cikin ruwan sama, na buɗe da sanyin da ke manna yatsa a jikin sarƙa, na buɗe da tsohon cikin Narelle ina nishi. Yana zaune yana buga sitiyari da yatsa. In na rufe na dawo na zauna, sai ya ce, "Madalla, Glen." Ko wane ƙyaure, ko sau nawa a rana. A lokacin haushi abin yake ba ni, in ce a raina madallar me, sauko ka buɗe mana. Yau da zan ji ta sau ɗaya, da na yafe masa duk sarƙoƙin.

Yanzu ni ce direba, ni ce kuma mai buɗewa in mun je gonar wani. Ba wanda yake ce min komai.

Matar ta ji daɗin karen ƙwarai. Ta ce maimaitawa ce ke dawo da kalma, mu bar shi ya yi ta kira. Na ce ai ba wanda ya hana shi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Narelle ta bugo. Na kara wayar kusa da baranda ta ji ubanta yana cewa "zo nan", sai ta fashe da kuka.

"Mama! Kin ji? Kin ji Baba?"

"Ina gidan ai, Narelle. Tun Talata nake ji."

"To ki yi murna mana."

"Ina yi."

"Muryarki ba ta nuna ba."

"Kina Newcastle kina auna min murya? Zo ki cike min ramukan da ya tona, sai ki ji muryar da kyau."

Ta yi dariya, ta ce in shafa mata kan Monty. Ba ta ce in shafa mata kan kowa ba sai shi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Kishi nake yi. Na rubuta, ga shi nan. Mace mai shekara sittin da takwas, mai jikoki, tana kishi da kare da bai kai tsawon takalmin ruwanta ba.

Ni na tsinci Neville a ƙasan kicin ranar. Ba zan rubuta ranar ba. Ni na kwana a kujerar asibiti har bayana ya sankare, ni na koyi yi masa aski, ni nake yanka masa nama ƙanana a ɓoye a kicin don kada ya ga ana yanka masa kamar yaro. Wannan kuma ya zo shekaranjiya, ya ja bargo, ya samu suna.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Na yi abin da matar Armidale ta ce kada a yi. Na ajiye masa shayi, na durƙusa a gabansa, na ture kan karen gefe.

"Nev, dube ni. Wace ce ni?"

Ya dube ni. Ya sani, na ga ya sani, yana nan a idonsa. Bakinsa ya motsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Har na fara cewa "Gl..." don in taimaka masa, sai ya ƙunduma ashar ɗin nan, ya doki hannun kujera har shayin ya zube. Karen ya hau lasar masa haɓa. Ya kawar da fuskarsa daga gare ni ya cusa ta a gashin karen.

Na goge shayin. Na kawo wani.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Yau ma dai Monty.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da la'asar

Ya kashe min jar kazata. Ya tona ta ƙarƙashin wayar akurki, kafin in fito daga wurin shanya ya gama. Bai ma ci ba, girgiza ta kawai ya yi ya ajiye, ya tsaya yana kaɗa wutsiya, gashin kaza a hancinsa.

Na ɗauke ta da ƙafafu na kai baranda na ɗaga a gaban Neville. "Ka ga aikin ɗan kirkinka?"

"E."

"A gona me ake yi wa karen da ya ɗanɗana jinin dabbar gida? Ka tuna baƙar karyar nan da ta kama ɗan rago? Wa ya ɗauki bindiga ya zagaya da ita bayan rumfa? Ni ce?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya dubi karen ya ce, "A'a, Monty. A'a." Kalma uku a jere, ya yi wa kare faɗa. Daga nan hannunsa ya koma kan wuyan, kamar hannun ne yake da nasa ra'ayin.

Na binne ta a gindin itacen tufa. Ita ce take biyo ni in na fita da bokiti. Na yi kuka sosai, kuma na san ba duka na kaza ba ne.

Yanzu dai ina da hujja. Ba mai cewa na mayar da shi don son raina.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

An bar ƙaramar ƙofar gefe a buɗe da safe, karen ya fita.

Ina ɗaki ina gyaran gado na ji Neville yana kira, kiran bai yi kama da na kullum ba. Da na fito babu kowa a baranda, bargo a ƙasa. Na same shi a titi. Mutumin da tun Yuli bai wuce akwatin wasiƙa ba, ya kai har kwanar gidan mai, da sanda, da silifas, yana jan ƙafar dama, yana kira da dukan ƙarfinsa. Mutane suka leƙo ta tagogi. Na kama masa hannu na ce mu koma, ya fizge.

Mai sayar da nama ne ya kawo karen kafin azahar, a gaban motarsa. Wai a bayan shagonsa ya same shi ya shige kwandon shara har wutsiya. "Wannan ɗan iskan naku ne, Glenys? Ku ɗaure shi, ko in sa shi cikin masu aikina." Neville ya rungume karen, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, ko ranar da aka kwashe tumakinmu.

Da na ɓata ni, zai kai kwanar gidan mai? Da wane suna zai neme ni?

Ban san yadda aka yi ƙofar ta zauna a buɗe ba. Ni ce na fita da shara, amma ina jin na rufe. Ba zan sake komawa kan wannan maganar ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da la'asar

Merle ta zo da kek ɗin lemo, wai ta ji labarin kaza. Muka zauna a kicin. Neville yana baranda yana jefa ƙwallo da hagu, karen yana ɗaukowa yana ƙin bayarwa.

"Zan biya ki kazar," in ji ta.

"Riƙe kuɗinki. Asabar zan dawo miki da karenki."

"Saboda kaza."

"Saboda kaza, da wardi, da haushi. Gidan nan ba na irinsa ba ne. Yana bukatar fili da ɓeraye, ke ma kin sani."

Ta yi ta kallona tana taunar kek. Merle in ta yi shiru haka, gara ta yi magana.

"Glenys, tun muna aji ɗaya na san ki. Ba kaza ba ce."

Ban san lokacin da na faɗa ba. Na ce mata wata uku ke nan sunana bai fito daga bakinsa ba, amma na kare yana fita kamar famfo. Na ɗauka za ta riƙe min hannu. Sai ta kwashe da dariya har tana tari.

"Ke, tsohuwar banza! To kare ana kiransa ne don yana gudu, yana ɓarna, yana ƙin ji. Ke ina kika taɓa zuwa da za a kira ki? Tun da na zauna a nan sau nawa kika tashi kika leƙa shi? Kafin ya ji ƙishi kin kai shayi, kafin ya buɗe baki kin ƙarasa masa magana. Mutum ya kira ki ya ce miki me? Kin riga kin yi."

"Au, laifina ne ke nan. Don na kula da mijina."

"Ban ce laifi ba."

"Ke da kika binne naki shekara goma, kike kwana da karnuka shida, ke za ki koya min zaman aure?"

Ta ajiye kofinta a hankali. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Ki zo da shi Asabar kafin rana ta yi. Mutumin Uralla zai zo da yamma."

Bai kamata in faɗi ta mijinta Stan ba. Na sani. Amma ita ma ba ta da hurumin yi min dariya a kicin ɗina.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Na faɗa masa. Na ce Asabar mako uku ya cika, kuma ni na gaji, ba zan iya da su biyu ba. Ya ce, "A'a." Na ce Nev, ni ce nake cike ramuka, ni ce nake binne kaji. Ya daɗe yana kallona. Ban san me ya gani ba. Sai ya ce, "To."

Na so ya yi min gardama. Ko ashar ɗin ce ya yi min.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Yau bai kira kowa ba. Karen ya sace safarsa ya wuce da ita ta gabansa har sau biyu, bai ce uffan ba. Gidan ya koma yadda yake a watan Agusta, ana jin agogon kicin daga baranda. Abin da na nema ke nan, ko ba shi ba?

Asabar, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Na ce masa ya zauna a gida, ni kaɗai zan kai shi. Ina fitowa da kwanon karen da igiyarsa na tarar har ya shiga mota, ya sa hularsa ta zuwa kasuwar tumaki, karen a cinya.

Ba mu yi magana a hanya ba. Wa zai yi? Muka bar kwalta muka hau hanyar Merle, har muka iso ƙyauren farko, wanda ake hango rufin gidanta daga wurinsa. Na tsayar da mota, na kai hannu zan buɗe ƙofata kamar yadda na saba tun Yuli. Sai na ji an ɗora min abu mai ɗumi a cinya. Neville ne ya miƙo min karen. Ya buɗe tasa ƙofar, ya sauke sanda, ya sauke ƙafar hagu, ya jawo ta dama da hannu.

"Nev, bari in..."

"A'a."

Ya tafi a hankali har gaban mota. Ƙyauren Merle irin na dā ne, mai nauyi, ya saki a gindinsa. Sai ka jawo shi jikinka da hannu ɗaya sarƙar ta yi sako-sako, sannan ka zare zoben daga kan ƙusar da ɗaya hannun. Aikin hannu biyu ne. Na fi kowa sani.

Ya jingine sandar. Ya jawo ƙyauren, ya saki don ya kama zoben, ƙyauren ya koma, sarƙar ta ɗaure. Ya sake. Ya gwada tokarewa da ƙugu, ya kusa faɗuwa. Hannuna yana kan marfin ƙofa, har na ɗan tura. Maganar Merle ce ta zo min, na tsane ta, amma ta zo. Kuma direba ba ya sauka. Shekara arba'in da ɗaya bai sauko min ba, ba kuma don bai iya ba. Direba ya sauko, kamar ya ce maka ne ba ka iya aikinka ba. Na janye hannuna na riƙe karen.

Yau na fara riƙe shi. Zuciyarsa tana bugawa da sauri a tafin hannuna, yana ta rawar jiki yana kallon Neville ta gilashi. Ni ma shi nake kallo: bayansa, wuyansa da ya rame, hular da ta yi masa yawa. Ashe abin da yake gani ke nan duk shekarun nan, bayana ina fama da sarƙa. Sai kuma na gane abin da nake kallo. Mutumin nan yana kokawa da ƙyaure ne don ya buɗe hanyar da za a raba shi da karensa, saboda ni na ce na gaji.

Ya daɗe. Gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya tsaya, ya dafa ƙyauren, ya juyo.

"Zo nan."

Karen ya zabura zai fita ta taga. Neville ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu ya nuna, ba cinyata ba, fuskata. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar nan ta tashi. Na cije leɓena don kada in taya shi.

"Zo nan," ya sake cewa. Ya haɗiye miyau. "Ɗan kirki."

Ni. Da furfurata. Kalmomin kare ya kira ni da su, don su kaɗai gare shi, kuma a wurin karen ya same su. Ban san ko dariya nake yi ko kuka ba, na dai sauka, na rufe karen a ciki yana ta ihu. Na jawo ƙyauren jikina, shi ya zare zoben. Ya buɗe. Muka tsaya muna kallon hanyar gidan Merle.

Na ce, "Mayar da zoben, Nev."

Ya dube ni.

"Mayar mana, kafin tumakin Merle su fita ta ce mu ne."

Na sake jawowa, ya mayar. Da muka koma mota ya zauna yana haki, karen ya haye shi yana lasa. Na dube shi na ce, "Madalla, Nev." Ya rufe idonsa. Na juya motar a cikin ciyawa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Merle ta tare ni a bakin coci. "Jiya na hango wata a-kori-kura ta zo ƙyaurena ta juya. Ko ɓatan hanya aka yi?"

Na ce mata ta yafe min maganar Stan. Ta ce sai na kawo mata ƙwai, in kajina sun rage. Mutumin Uralla kuma, ta ce sai dai ya nemi mage.

Kada a ɗauka na fara son karen. Da muka dawo na tarar da sabon rami. Kuma da safe sunansa na fara ji, abin ya soke ni a inda ya saba sukata.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Yau aka yi tseren dawakin Melbourne, a nan alama ce sanyi ya wuce ke nan, ana iya dasa tumatir. Na kai shukokina can bayan tankin ruwa, inda ba a hango mutum daga baranda. Lokacin shayinsa ya yi ina sane. Ban tashi ba. Hannuwana sai ƙaiƙayi suke yi, na cusa su cikin ƙasa.

Karen ya gano ni, ya zo ya zauna min a kan ƙafa, ƙasa a hanci. Can na ji daga baranda.

"Monty!"

Ya miƙe zai ruga. Na kama madaurin wuyansa. Na ce masa a kunne, zauna nan, kai ka samu naka.

"Monty! Zo nan!"

Na ƙara riƙewa. Sai na ji ƙarar sanda a kan katakon baranda, ta zo bakin matakala ta tsaya. Na ji yana jan numfashi.

"G... Gl..."

Shiru.

"Gle..."

Duk jikina ya tashi zai amsa. Na toshe bakina da hannun da ke da ƙasa, ɗayan yana riƙe da kare. Na bar shi ya ƙarasa da kansa.